Shagon Fotokofin da Na Yi wa Kuɗi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ake ƙiyasta darajar kamfani, ba tare da wani ya taɓa nuna mini ko teburin mai shayi ya ce in yi masa kuɗi ba. A aji kuwa ba ƙananan abubuwa nake taɓawa ba. Kamfanin siminti, kamfanin jiragen sama, banki mai rassa a ƙasa goma, duk na sha sayar da su a kan allo kafin azahar, in goge, in tafi cin abinci. Ranar da aikin gaske ya zo, shago ne mai ƙofa ɗaya a Samaru, da injin fotokofi biyu, da kwamfuta uku, da janareto mai tari. Mai saye kuma yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma a hannunta na tashi bayan rasuwar iyayenmu. Malamar firamare ce. Shekara talatin da biyar ta yi a Sabon Gari tana koya wa yara baƙi da wasali, har ta yi ritaya, sannan ta ƙara shekara uku tana sintiri daga wannan ofis zuwa wancan kafin kuɗin sallamarta su fito. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana aure a nesa, fansho kuwa wata ya zo, wata ya manta hanya. Kuɗin nan su ne duk abin da take da shi a duniya, kuma da su take so ta zauna ta huta.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci na bi ta gidanta a Jushi. Muna cin tuwo ta gaya mini shawarar da ta yanke. Injin niƙa za ta saya ta kafa a ƙofar gida, har ta yi magana da wani mai haɗa su a Chikaji. Na ajiye lomar da ke hannuna na yi dariya, dariyar mutumin da ke da digiri uku.

"Yaya, shekara talatin da biyar kina shaƙar ƙurar alli, yanzu kuma ƙurar gari za ki koma shaƙa?"

"To me kake so in yi da su, Auta? In dafa in ci?"

Na ce ta ba ni mako guda. Na riga na san inda zan kai ta, don na ji ana cigiyar mai sayen wani shagon fotokofi daura da ƙofar jami'ar da nake koyarwa. Mai shagon kowa Oga yake ce masa. Iyayensa daga gabas suka zo, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ce ya gaji da zirga-zirgar Samaru, zai koma wurin ɗan'uwansa su riƙa sayar da kayan gyaran janareto.

Yaya ba ta ƙi zuwa ba, amma ta zo da nata tsarin, irin na kasuwa. Ta taho da wani mai gyaran injuna ɗan cocinsu. Ya buɗe cikin kowane inji ya leƙa, ya shinshina, ya tayar da janareto ya kasa kunne, ya faɗa mata abin da kowanne zai yi in an kai shi kasuwa yau. Ta haɗa a ka, ta ɗora wani abu saboda kyan wuri, ta taya. Tayin nata bai wuce rabin kuɗinta ba. Oga ya ce albarka, ya faɗi nasa, wanda saura kaɗan ya lashe kuɗin sallamar gaba ɗaya. Yaya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ɗauki jaka, ta ce a gai da mutanen gida. Da a nan maganar ta mutu, da kowa ya kwana lafiya. Ni na riƙo jakarta na ce ta zauna.

A tsaye na ba su lacca, ita da mai gyara da Oga da 'yan mata biyu masu buga rubutu a kwamfuta. Na ce wannan lissafin na 'yan gwangwan ne. Mai sayen kasuwanci ba ƙarfe yake saye ba, kuɗin da za su riƙa shigowa yake saye. Abin da ake yi, a duba abin da ke shiga aljihun shago da abin da ke fita, a ga abin da ke saura a hannu duk wata. Sai a hango na shekaru masu zuwa, a rage musu ƙarfi, tunda nairar baɗi ba ta kai ta bana ba, a tara su wuri ɗaya. Abin da ya fito shi ne darajar shago. Mai gyara ya ce shi dai ya san injin na biyu ya kusa mutuwa. Na dube shi irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya shigo aji a makare.

Na nemi Oga ya kawo littattafan cinikinsa. Ya jawo durowa ya nuna mini: kuɗi a cukurkuɗe, da robar ɗaure su, da rabin goro.

"Dokta, littafina ke nan. Amma ga benci nan, kyauta ne. Zo ka zauna ka ƙirga da idonka."

Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Na ce a raina, mutumin da ba ya tsoron a ƙirga masa ciniki ba shi da abin ɓoyewa. Mako uku na yi ina zuwa duk bayan lacca, da littafi da biro. Lokacin kuwa 'yan ajin ƙarshe ke buga kundin kammala karatu. Layi har bakin kwalbati. Wannan na kuka malaminta ya ce a sake babi na huɗu, wancan na roƙo a ɗaure masa kwafi biyar kafin ƙarfe biyu, injuna na zafi har sai an kafa musu fanka. Durowar Oga sau biyu ake kwashe ta a yini.

Kada a ɗauka ni sakarai ne. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai har yau, don da sakarci na yi da na samu abin fakewa. Na san kakar ciniki ce, na zaftare. Na cire dogon hutu da gajere, na cire Kirsimeti da Ista da Sallah biyu. Na cire tawada, takarda, mai, albashin 'yan matan, ƙarin haya, gyaran inji, har da mutuwar injin nan na biyu, don kada mai gyara ya samu abin faɗa. Ko ɓeraye da ke cin takarda sai da na ware musu kasonsu. Na hango shekara biyar, na yi lissafi kala uku: in abu ya yi kyau, in ya zo tsaka-tsaki, in ya ɓaci. Ko a na ɓacin, Yaya za ta mai da kuɗinta cikin shekara uku. Darajar shagon ta fito sama da abin da Oga ya nema, har na fara jin tausayinsa.

Don adalci na yi wa injin niƙa nasa lissafin. Layinsa ya fito a miƙe kamar tabarma, bana kamar bara, baɗi kamar bana. Na shagon kuwa sai hawa yake yi.

Shafi ashirin da biyu rahoton ya cika. A shagon aka buga shi, aka ɗaure shi da baƙin bango, kuma na biya. Oga ya duba shafin farko, ya juya ya duba na ƙarshe, ya girgiza kai.

"Kai, Dokta, ilimi daɗi."

Na ce masa na gode.

Yaya ta sa tabarau ta bi shafukan da yatsa, yadda take bin littafin yara. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"In yaran nan ba su nan fa?"

Na buɗe mata shafi na tara. "Ga shi nan, Yaya, na cire hutu. Kwana-kwana na ƙirga shi."

Ta rufe rahoton ta ɗora a cinya. "Ni ban gane komai a cikin takardan nan ba. Amma tunda kai ka ce."

Ta biya. Ranar buɗewa fasto ya zo ya yi addu'a ya ɗora hannu a kan injuna, matan zumunta suka yi waƙa har masu keke suka tsaya kallo. Ni ina gefe da sabuwar riga, ana nuna ni ana cewa ga ƙanen nata, shi ya yi lissafin. Mako bakwai abin ya tafi yadda na rubuta. Yaya ta sayi sabon takalmi, ta fara maganar gyaran rufin ɗakinta.

A mako na takwas muka tafi yajin aiki. Mu, malaman jami'a. Ni.

Wanda bai taɓa ganin Samaru a lokacin yajin aiki ba, bai san abin da ake ce wa gari ya mutu a tsaye ba. Kwana uku ya isa. Ɗalibai suka ɗaure jakunkuna suka cika tasha, gidajen hayarsu duk kwaɗo a ƙofa. Masu keke suka jera a inuwa suna gyangyaɗi. Mai soya doya ta daina hura wuta, mai aski ya koma gona, awaki suka samu titi suka kwanta a kai. Yaya kuwa kullum sai ta fito daga Jushi, ta hau bas, ta sauka a Kwangila ta hau wata, ta zo ta buɗe shago ta goge ƙura. Wata rana cinikinta duka mutum ɗaya ne, ya zo a yi masa kwafin katin shaida gaba da baya.

Da farko na riƙa lallashinta da cewa abin ba zai wuce mako biyu ba. Da aka yi wata biyu na koma cewa ana tattaunawa. Ta biya 'yan matan daga aljihunta har sau biyu, sannan ta sallame su tana ba su haƙuri kamar ita ta yi musu laifi. Tawada ta daskare a cikin injuna saboda zama. Ni kuma an tsayar mana da albashi, ko kuɗin bas ba ni da halin ba ta. Sai na canza hanya. In zan shiga kasuwar Samaru sai in zagaya ta bayan layi, ina tsallake kwata, don kada in bi ta gaban shagon ta ɗago ido ta gan ni.

A wata na huɗu kunya ta rikiɗe ta zama fushi, fushin kuma ya nemi wanda zai sauka a kansa. Na hau bas zuwa Sabon Gari na nemi Oga. Na same shi a sabon shagonsu, tsakanin kwalayen fulogi da igiyoyin tayar da janareto, ya yi ƙiba. Ya tura mini kujera ya aika a kawo lemo. Na ce ban zo shan lemo ba, na zo ne ya gaya mini tsakaninsa da Allah ko ya san za a yi yajin nan kafin ya sa shagon a kasuwa.

"Na sani mana."

Ban zaci zai amsa da sauƙi haka ba, sai duk jawabin da na shirya a bas ya watse.

"Wa ya gaya maka?"

"Kai."

Na ce ya daina raina mini hankali.

"Dokta, ba kai ne mataimakin sakataren ƙungiyanku ba? Wata ɗaya kafin in ce zan sayar, wa ya kawo mini takardan wa'adin da kuka ba gwamnati, ya ce kwafi ɗari biyu, a yi sauri ana jiranshi a taro? Ni duk abin da ya bi ta cikin injina sai na karanta. Shekara ashirin ina shagon can. In na ga takardan wa'adi na farko, ba na damuwa. In na ga na biyu, sai in daina sayen takarda da yawa. Naka na uku ne, har da jan layi a ƙasa."

Na tuna ranar sarai. Na tuna har da faɗan da na yi wa yarinyar don ta buga shafi ɗaya a karkace.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Madam ta taya, na ce albarka, ta tashi za ta tafi. Ciniki ya ƙare lafiya. Kai ka dawo da ita. Kuma yaya zan yi in gaya ma mai yajin aiki cewa za a yi yajin aiki? Na ɗauka yana cikin shafi ashirin da biyun nan."

Na so in zage shi, amma sai na tashi na bar masa lemonsa. A bas ɗin komawa na yi ta juya abin. Na ware wa ɓeraye kaso, ban ware wa kaina ba. Dalilin kuwa ba wani mai zurfi ba ne. Mu a wurinmu yajin aiki ba abu ne da ke faɗo wa mutum ba, abu ne da muke yi wa gwamnati. Muna yi masa kallon makami, makamin da ke hannunka kuwa ba ka sa shi a jerin masifu. Mai soya doya ta san shi a matsayin fari, irin na shekarar da ruwan sama ya ƙi zuwa, mai gidan haya ya san shi, mai keke ya san shi. Duk Samaru ba wanda zai yi lissafin shekara biyar ya manta da shi, sai wanda ke da ofis a cikin jami'a. Littattafan da na yi karatu da su kuma, waɗanda suka rubuta su ba su taɓa ganin an rufe makaranta rabin shekara ba, balle su buɗe masa gurbi.

Ana cikin haka hayar shago ta ƙare. Mai ginin ya ba Yaya kwana goma, ko ta biya ta shekara ko ta kwashe kayanta. Abin da ya rage mata a banki zai biya hayar, amma daga nan ko kuɗin gishiri babu. Sai ga Oga ya aiko mata da saƙo cewa in tana so zai karɓi shagon, a kan kuɗin ƙarafa, yadda mai gyaranta ya lissafa tun farko, a cire lalacewar zama. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ta ba shi ba.

Ta aiko a kira ni. Wannan karon ba zagaye, dole na shiga shagon. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa.

"Auta, ba takarda nake so ba. Kai kana cikinsu. Ka gaya mini magana ɗaya, za ku koma ko ba za ku koma ba? In kun kusa, in biya hayan in daure. In da saura, in karɓi abin da ya samu."

Na ce mata akwai babban taronmu ranar Alhamis, ta jira ni.

Zauren ya cika ranar. Aka karanta tayin gwamnati, wanda gaskiya ba shi da maraba da zagi. Mutane suka yi ta tashi suna magana, wani farfesa ya ce ya sayar da motarsa kuma a shirye yake ya sayar da firij. Aka tafa masa. Abin da muke nema haƙƙinmu ne, a kan wannan ban canza ra'ayi ba har gobe. Ni ina kan teburin gaba ina rubuta bayanin taro, ido ɗari huɗu a kaina. Shugaba ya ce masu goyon bayan a ci gaba su ɗaga hannu. Na ajiye biro na ɗaga. Ba wanda ya murɗe mini shi.

Da yamma na je Jushi na gaya mata an ce a ci gaba, kuma ba rana. Washegari ta kai wa Oga makulli.

Kwana goma sha tara bayan nan shugabanninmu na ƙasa suka janye yajin. A rediyo na ji, kamar kowa, ba wanda ya nemi hannuna. Kafin mako ya zagayo ɗalibai sun cika Samaru da kundin da suka bari rabi, layi ya koma har bakin kwalbati, Oga na zaune a bakin durowarsa. Ban tambaye shi takardar wa ya karanta wannan karon ba.

Da aka fara sakin albashi na ɗauki na watan farko na nufi gidan Yaya. Na durƙusa, abin da rabona da yi tun ina sakandare. Na ce zan riƙa kawo mata rabi duk wata har sai kuɗinta sun dawo. Ta dubi ambulan ɗin, ba ta taɓa shi ba.

"Da wane albashin? Wanda ake tsayarwa?"

Ta dawo da idonta kaina.

"Ranan taron nan naku, an ce hannu ake ɗagawa. Ka ɗaga?"

Na yi niyyar in ce ni rubutu nake yi, mai rubutu ba ya zaɓe. Ƙaryar tana bakin harshena a shirye. Amma matar nan ta yi shekara talatin da biyar tana kallon fuskar yara masu shirin yin ƙarya.

"Na ɗaga, Yaya."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce in tashi ƙasa da sanyi. Ta ce in mai da kuɗina in biya wa yarana makaranta, tunda su ma an kusa koro su. Da a ce ta zage ni, ko ta yi kuka, da na samu sauƙi. Sai kawai ta tambaye ni ko motata da ta mutu tun farkon yajin ta tashi, don tana so in riƙa biyowa da safe ina rage mata hanya.

Na ce ina za ta riƙa zuwa da safe.

Wata makarantar kuɗi ce ta ƙananan yara a bayan Chikaji, aji huɗu da rufin kwano. Sun ɗauke ta ta riƙe 'yan shekara biyar, a kan albashin da bai kai abin da take biyan 'yan matan shagonta su biyu ba. Ranar Litinin na kai ta. Shekararta sittin da uku, gwiwarta na ciwo, sai da na zagayo na kama mata hannu ta fito daga mota. Yara suna ihu a tsakar makarantar, ƙura na tashi. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta leƙo ta taga.

"Na tambayi mai makarantan ko suna yajin aiki, ta ce a'a. Shi ke nan abin da na tambaya, kuma ban nemi shawaran kowa ba. Ka dawo ƙarfe biyu."

Ina da lacca ƙarfe biyu a ranar, kan ƙiyasin darajar kamfani. Na ce mata to.